Daddawar Bincike Ta Ƙare a Miya

Assalamu alaikum Inna,

Ya jikin Baba da mutanen 'Yandoto? Ina lafiya, sai dai sanyin Jamus da abincinsu salam. Kada ki damu.

Albishirinki, wata gidauniya ta ba ni kyautar binciken sinadarai a kan daddawarki. Ranar da na kwance ƙullin a ɗakin gwaji, sai da aka kwashe kowa waje, wai gas ne ke yoyo.

To Inna, kewar gida ta sa kullum nakan gutsura in kaɗa miyar kuka. Watan gobe masu kyautar za su zo duba aikin, ni kuwa na cinye binciken da tuwo. Don Allah ki aiko da wata, ninki biyu. Kada Baba ya ji.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Mas'uda