Na Matsar da Fankokin, Yu-hsia

Zuwa ga hasken safiyata, sanyin da ke biyo zafin rana, farin tsuntsun da ke sauka a taɓon Fangyuan idan ruwa ya janye, Yu-hsia tawa.

Wata takwas ke nan ban ji muryarki ba, kuma kowace rana sai na koma farfajiyar haikalin Mazu, wurin bautar masunta, a zuciyata. Kin tuna? Na zo da taswira ina yi wa masunta bayanin inda kamfaninmu zai kafa manyan fankokin da iska ke juyawa su samar da wutar lantarki a cikin teku, sai kika miƙe, hannunki duk ɓurɓushin ɓawon kawa, dodon koɗin nan na teku, kika ce, "Malam mai taswira, kai da kwalekwale ke sa amai, kai ne za ka koya mana tekunmu?" Kowa ya yi dariya. Ni kuwa tun daga wannan tsayuwar na rasa kaina.

Ina zan sake samun safiya irin wadda kika ɗauke ni a amalanken san babanki, muka ratsa taɓo har gonar kawa? Iska na wasa da ɗankwalinki, kina nuna mini hanyar da fararen dolfin, manyan dabbobin nan na teku, ke bi, da inda kifin hunturu ke taruwa da ƙwansa. Kika soya mini wainar ƙwai da kawa, na ƙona harshe don gaggawa, kika ce in ci a hankali, tekun ba gudu zai yi ba.

Sai na je na auna inda ya fi dacewa a kafa fankokin. Ruwa mara zurfi, ƙasa mai ƙarfi, iska ba ta yankewa, ga kusa da gaɓa. Duk wannan ya faɗa daidai inda babanki ya shekara arba'in yana jefa taru. Na sani, kuma na ja layin fankokin a wurin, a kan taswira. Ba ki yi faɗa ba, ƙanwata. Naɗe taswirar kawai kika yi, kika miƙo mini da hannu biyu kamar baƙo. Da ma zagina kika yi!

Na koma teku. Wata shida ina jiri a kan jirgi, ina auna wani wuri can ciki, kilomita goma sha biyu gaba, inda ruwa ya fi zurfi kuma wayar wuta za ta fi tsawo. Jiya manyan kamfanin suka amince a matsar da fankokin can. Sun kuma cire ni daga aikin, wai na cika taurin kai. Wurin babanki ya tsira.

Ban rubuto don ki gode mini ba, ni na ɓata tun farko. Ganinki kawai nake roƙo, ya ruwan sanyin raina. Ranar Asabar, da ruwa ya janye, zan tsaya a bakin hanyar taɓo. In ba ki fito ba, ba zan buga miki ƙofa ba. Zan dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bayanta.

Naki, kin yafe ko ba ki yafe ba, har numfashina ya ƙare,
Kun-shan