Saƙon Likita a Salular Marigayi

Arlit, farkon watan Rajab

Zuwa ga 'yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Zayyadu. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Ni dai ina cikin takaba, alhamdu lillahi. Salular mahaifinki tana wurina, na kasa kashe ta. Jiya ta yi ƙara, sai ga saƙo daga likitar unguwarmu da sunansa, wai ya zo a gwada jininsa saboda ciwon hanta, don cutar takan daɗe a jiki ba ta nuna alama ba. Inji ne ke turowa, bai san an yi jana'iza ba.

Na duba baya, na tarar da irinsa da yawa tun bara, duk ya buɗe su. Ya taɓa ambata mini ma, yana dariya. Ya ce wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin yuraniyam ba ya bukatar salula ta faɗa masa abin da ke cin sa. Kin san garin nan, tari ƙurar rami ce, ciwon kai ma ita ce. Da idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, abokan aikinsa suka zo dubiya, kowa ya nuna wajen rami da haɓa. Ni ma haka na ɗauka. Sai dab da rasuwarsa lokotoron da ya duba shi a asibiti ya ce ƙwayar cutar hanta ce.

Na yi imani ba mai wuce ajalinsa. Amma ina tambayar kaina: abin da muka kira tawakkali, shi ne kuwa? Ko dai mun sami abin ɗora wa laifi ne, muka huta da neman magani?

Ki sa shi a addu'a.

Mahaifiyarki,
Bara'atu

Arlit, tsakiyar Sha'aban

'Yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida surukanki na Damagaram. Da fatan ƙafafun sun daina kumburi.

Na tambayi malamar makarantarmu, ta ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura. Na amsa kiran da aka yi wa mahaifinki. An gwada ni, an same ta a jinina. Kada ki tayar da hankalinki, za su riƙa duba ni.

Ga dalilin wasiƙar nan. Majo, ma'aikaciyar jinyar da ta gwada ni, ta ce cutar tana bin jini, uwa kan ba ɗanta wajen haihuwa. Ba mu san wa ya fara ɗauka tsakanina da mahaifinki ba, ba mu san ko na ba ki ba. In kina da ita, akwai allurar da ake yi wa jariri ranar da ya faɗo, amma sai an sani tun kafin naƙuda. Ke ba ki taɓa shiga rami ba, Siddiƙa, ba ki da abin fakewa. Ki roƙi Zayyadu ya kai ki awo, ki ce a gwada hanta.

Na sa majo ta cire sunan mahaifinki daga injin. Tun ranar salular ta yi shiru, na kuwa ji shirun fiye da yadda na zata. A gurbinsa na ba ta lambarki. In saƙon ya iso, kada ki buɗe ki ajiye.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Bara'atu