Diyyar Motar Abban Nuriyya

Al Nahda, Dubai

Zuwa ga Yaya Maimunat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Wuyana ya yi sauƙi, kada ki tayar mata da hankali. Ina tsaye da motar Abban Nuriyya a danja ne a hanyar Sharjah wata motar kai kaya ta buge ni ta baya. 'Yan sanda sun ba ni gaskiya, inshorar masu motar ta gyara tamu tas. Sai da Abban Nuriyya ya kai ta wajen dillalai, don dama sayarwa zai yi, suka ga an taɓa bugunta, suka karya mata kuɗi ƙwarai. Ya dawo kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Yanzu ya samo wata Hafsa, 'yar Kaduna, wai ajinsu ɗaya a jami'a, aikin lauya take a nan. Ita ta ce masa gyara daban, faɗuwar daraja daban, yana da haƙƙin neman diyya. Allah ya sa a dace.

Ki gaishe da kowa. Ƙanwarki, Sa'adiyya.

*

Yaya Maimunat,

Sallama da fatan alheri. Na ji an yi ruwa a Kano, Allah ya sa albarka. Yaya jikin Inna?

Yaya, ke kaɗai zan iya faɗa wa wannan. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ya ce ai ya gyara. Hafsa ta sa an kawo mai kimanta mota, ta shigar da ƙorafi. To tun daga nan ba a cin abinci a gidan nan sai da sunanta. Hafsa ta ce kaza, Hafsa ta ce a jira. Ko na tambaye shi abu, sai ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, Hafsa ta san yadda za a yi." In ta kira, baranda yake fita, ina jiyo dariyarsa ta cikin gilashi, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Ranar Asabar sun haɗu a wani gidan abinci a unguwar Karama don duba rahoton mai kimantawa, ya dawo yana yabon yadda take Larabci.

Ni aka buga, ni na yi wata guda ina kwana da abin ɗaure wuya, amma ba wanda ya tambaye ni yadda abin ya faru. Ban kama shi da komai ba, ban kuma ce ya yi ba. Sai dai jiya na ji kaina ina fatan kamfanin ya yi nasara, don kawai a daina kiran sunanta. Na yi istigfari, amma zuciyar ba ta sauka ba.

Ki sa ni a addu'a. Taki, Sa'adiyya.

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Na gode da nasiharki, ta shige ni.

An kira mu gaban kwamitin sauraron ƙorafi, kuma tunda ni ke tuƙi, dole aka tafi da ni. Na ga Hafsa. Mace ce mai kamun kai, ta rungume ni, ita ce ma ta fara tambayar wuyana. Na zuba musu ido tun shigarmu har fitarmu, ban ga kallon da bai dace ba. Abin da na gani daban ne. In tana magana, Abban Nuriyya ajiye waya yake, ya bari ta kai aya. Ni ban tuna ranar da na kai ƙarshen zance bai katse ni ba.

An yanke cewa kamfanin zai biya. A hanyar gida yana ta murna, na ce masa, "Ba sonta nake zargin kana yi ba. Sauraronta kake yi, shi nake wa kishi." Ya buɗe baki zai amsa, sai ya rufe. Na yi ta magana tun daga Deira har ƙofar gida, na faɗi duk abin da ke raina, bai katse ni ko sau ɗaya ba. Da muka tsaya ya ce, "Akwai saura?" Na ce akwai. Ya kashe motar, ya juyo.

Ya so ya saya wa Hafsa turare na godiya. Na ce ni zan zaɓa, ni zan kai. Na je shagunan turare na Al Buteen na ɗauko mai kyau, don ta cancanta. Amma lambarta yanzu a wayata take, in akwai sauran magana, ta bi ta kaina.

Ki gaishe min da Inna. Ƙanwarki mai ƙaunarki, Sa'adiyya.