Ruwan da Sallau Ya Hana Mu

Yaya Hamisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ya Rabi da yara? Mu nan Tasawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ran Lahadi muka raka 'yan wasanmu buga balo, wato ƙwallo, garin amininka Sallau, can bayan Urafan. Mota ta kafe cikin rairayi, muka isa maƙogwaro a bushe. Mutanen garin suka tsayar da mu gefen rana, cikin ƙarangiya. Na hango Sallau zaune bisa bido, wato jarka, cike da ruwa, na je na gaishe shi, na ce ƙanen Hamisu ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yau ban san kowa ba. Ku sha na Tasawa."

Mutumin da ya yi rani guda yana cin tuwon Inna! Wallahi cin da suka yi mana bai ƙona min rai kamar wannan ba.

Kada ka ƙara ba ni saƙon gaisuwa wurinshi. Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. Inna ban faɗa mata ba, don har yanzu tana ajiye mishi kwanonshi.

Ƙanenka,
Lawali