Kunnen Wilber na Hagu

Litinin, 6 ga Mayu

An gayyace mu Lima, babban birnin ƙasa. Mu ɗin nan, ƙungiyar kiɗa ta Sillar Mojado, da ko a nan garinmu Arequipa ba kowa ya san da mu ba. Bikin sababbin makaɗa ne, ranar ɗaya ga Yuni, kuma mutumin da ya kira ya ce sababbin waƙoƙin da muka sa a intanet ne suka kai mu. Maricielo ta ajiye jitar bas ɗinta ta hau tsalle. Wilber kuwa ya zauna kan gangunansa ya yi ta jibga har kawunsa ya hawo daga shagon tayar da ke ƙasa yana tambaya ko ginin ne zai rushe.

Waƙoƙin nan dai su ne mai situdiyo ya raina. "Danitza, ba a jin muryarki, jita ta binne ki da ranki." To da ma binnewar nake so. Ana yi wa masu irin kiɗanmu tsiya wai masu kallon takalmi, don kanmu a sunkuye yake daga farkon wasa har ƙarshe. Ba takalmi muke kallo ba, fedojin sauti muke takawa, su ne ke mayar da jita ɗaya ta zama kamar ruwan sama a kan kwano. Mai son ganin haƙoran mawaƙi ya tafi wurin masu kiɗan rawa, 'yan kumbiya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wilber ya ɓata mana waƙarmu Ambaliya yau. Da ita muke rufe kowane wasa: in taka jar fedata, in ƙure lasifika, mu riƙe sauti ɗaya har sai mutum ya ji shi a haƙarƙarinsa, Wilber yana can ƙarƙashi yana riƙe mana bugu. Tun muna sakandare nake kiɗa da shi, ban taɓa jin bugu ya kuɓuce masa ba sai yau.

Wai kunnensa na hagu ke ƙara, kamar gyare ya shiga ciki. Na ce, "Tsufa ne, Baba, sai mu nema maka fansho." Ya jefe ni da sandar ganga.

Lasifikata a gefen hagunsa take tun da muka fara. Ɗakin ne ƙarami, babu inda za ta shiga sai nan.

Talata, 14 ga Mayu

Ashe ya je asibiti, Maricielo ce ta raka shi, ni ba wanda ya gaya mini. Jin kunnen hagu ya ragu sosai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Likitar ta ce in ya ci gaba a haka na daman ma zai bi sahu.

Maricielo ta zo gwaji da abin toshe kunne cike da leda, ta zazzage a kan lasifikata kamar ni na yi oda.

"Kowa zai toshe, ke kuma ki rage sauti. Ambaliya kuwa a cire ta."

"In an cire Ambaliya me ya saura?"

"Wilber."

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganu. A ɗakin nan ba a taɓa toshe kunne ba. Wanda ya toshe kamar ta bayan bango yake jin kiɗan, ta ina zai san sautin ya kai inda ake so? Kuma mutumin Lima da bakinsa ya ambaci Ambaliya. Ba don kyawun fuskarmu ya kira mu ba.

Wilber ya ɗauki guda ya jujjuya shi, ya ce kamar alewa, ya mayar. "Ni ba na jin gangunana da wannan abin. Ku bar ni haka." Na kalli Maricielo, ta kawar da kai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ba zan rage ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Adobo, farfesun nama na safiyar Lahadi, a gidansu Wilber, kamar kullum. Na so in ƙi zuwa, sai na ga in ban je ba za a ce tsoro ne.

Mama Eufemia, mahaifiyarsa, ta zuba mini har da ƙarin nama, ta yanka mini burodi da hannunta. Na shirya amsoshina tsaf tun daga gida, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta yi mini a kan maganar ba. Wilber yana zaune ya ba kicin baya yana duba waya. Ta zo ta tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu da kofin shayi, ta ce, "Wilber, ga shayinka." Ba da raɗa ba, da muryar da kowa ke magana. Bai motsa ba. Ta maimaita. Shiru. Sai ta zagayo ta dama ta ajiye, ya ɗago ya ce, "Na gode, Mama."

Ni take kallo duk lokacin. Daga nan ta ce, "Ci mana, 'yata, zai huce."

Na cinye tas, don kada ta ce ta ci galaba.

Litinin, 20 ga Mayu

Ba wanda ya sa wa Wilber wuƙa a wuya. Namiji ne babba da gemunsa, shi ya ce a bar shi haka. Kowa a garin nan ya daɗe yana ce mini in rage: maƙwabta, mai situdiyo, masu mashayar da suka kashe mana wuta a tsakiyar wasa, har mahaifiyata. Da na saurare su da yanzu muna wuraren ɗaurin aure muna kaɗa waƙoƙin mutane. Ban rage ba shi ya sa Lima ta ji mu.

Yanzu da abin ya fara kankama ne kowa ya zama likita.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na riga su zuwa ɗakin gwaji. Ledar Maricielo tana nan kan taga, an mayar da abin toshe kunnen ciki. Na sa biyu a kunne, don kawai in samu hujjar da zan rufe mata baki.

Abin ba daɗi. Jitar ta koma nesa, muryata kuwa ta dawo cikin kaina tsirara, ina jin duk inda take rawa, duk inda numfashi ke yanke mini. Ashe haka take. Na fizge su na jefa a aljihu kafin wani ya shigo.

A wurin gwajin ban kai lasifikar ƙarshe ba. Ba don komai ba, kaina ke ciwo. Wilber ya lura, ya tsaya. "Ke, wa ya mutu? Ƙara mana." Na ƙara.

Laraba, 29 ga Mayu

Maricielo ta tare ni a bakin matakala. Wai akwai wani ɗan ajinsu mai ganga, zai iya koyon waƙoƙin kafin Asabar. Na ce ta hau ta faɗa wa Wilber da bakinta in ta isa. Ba ta hau ba.

Ta ce, "Kin san don ke yake yi ko? In kika ce ya sa kansa cikin lasifikar zai sa."

Na ce ƙarya ne, don kiɗan yake yi.

Jibi za mu hau mota.

Lahadi, 2 ga Yuni

A mota, hanyar komawa. Rubutun zai karkace.

Da yamma aka sa mu, rana ba ta ma faɗi ba, in akwai ranar a wancan gari mai hazo. Waɗanda ba a sani ba ai su ke share fage. Duk da haka mutane sun taru fiye da yadda na zata, kuma lasifikun dandamalin sun fi ƙofar gidanmu tsayi. Da muka gwada su na ji ƙashin bayana yana rawa, na ce yau kam za su san mun zo. Masu aikin sauti suka girke wata babba dab da Wilber, ta gefen dama. Na gani. Ban sa a matsar da ita ba, shi ma bai nema ba.

Waƙoƙin sun tafi sumul. Kaina a ƙasa kamar kullum, fedoji kawai nake gani da bakin wandona. Muka iso ƙarshe. Ƙafata tana kan jar fedar, saura in danna.

Ban san me ya sa na waiwaya ba, ni da ban taɓa ɗaga kai a kan dandamali ba. Wilber yana bugu daidai, bai kuskure ko ɗaya ba, amma ya karkatar da kai ya manna kunnen dama a kafaɗarsa, ya runtse ido, yana jira. Kamar wanda ya san mari na zuwa. Ko tun yaushe yake yin haka a bayana, Allah kaɗai ya sani.

Na sauke ƙafar. Na bar igiyar jita ɗaya tana kuka har ta mutu don kanta. Maricielo ta bi ni, Wilber ya rage bugu, ya rage, ya tsaya. Aka yi tsit. Can wani ya yi ihu daga baya, "Ina Ambaliyar?" Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa, tafin da ake yi wa yara a makaranta. Mutumin da ya gayyace mu ya ba ni hannu ya ce ba laifi. Bai yi maganar baɗi ba.

Wilber ya same ni ina naɗe wayoyi, idonsa jawur.

"Wa ya ce ki ji tausayina?"

"Tausayin wa? Fedar ce ta mutu."

"Danitza."

"Na taka ba ta kawo ba. Ka ga laifina?"

Bai sake yi mini magana ba. Ga shi can kujerar gaba ya jingina da taga. Haushinsa nake ji, da na Maricielo, da na Lima gaba ɗaya. Mun yi doguwar tafiya mun ba su rabin kanmu.

Alhamis, 6 ga Yuni

Wani ya rubuta a intanet wai Sillar Mojado sun fi laushi a zahiri, kiɗan mafarki ne zalla. Laushi! Ya zo Arequipa ya faɗa mini a gabana.

Maricielo ta ce ta san mai gyaran feda a bayan kasuwa. Na ce ni zan kai kayata da kaina.

Talata, 11 ga Yuni

Gwaji na farko tun da muka dawo. Na je da wuri na ja lasifikata zuwa bakin ƙofa, don ta fi amsawa a can. Yanzu sai an tsallake ta ake shiga.

Na kawo sabuwar waƙa. A hankali take tafiya, haka ta zo mini, ba ni na zaɓa ba. Ana jin muryar a cikinta, ban san yadda zan yi da wannan ba tukuna.

Wilber ya shigo bai gaishe ni ba. Jar fedar tana cikin jakata a buɗe, na manta ban bar ta a gida ba. Ya tsuguna ya ciro ta, ya jona wuta, ya danna da hannu. Fitilar ta kama, ja wur, lafiyarta lau. Maricielo ta duƙufa kan igiyoyinta kamar yau ta fara ganin su. Ni kuwa na tsaya da jita a wuya.

Ya daɗe yana kallon fitilar. Sannan ya zare wayar, ya naɗe, ya mayar da ita cikin jakar ya zuge.

"Lallai ta mutu," in ji shi.

Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauki biyu daga ledar, ya sa a kunne, ya zauna, ya nuna na dama. "To, mu ji waƙar. Ki ɗaga murya, ta nan ɓangaren."

Ban rage komai ba. Feda ce ta lalace, mu uku shaida ne.