Matsayin da Aka Ba Boio

Port Moresby

Yaya Geua,

Ina gaishe ki da yara, da fatan kuna lafiya. Jikin Baba da sauƙi.

Kamfanin inshorarmu ya sake kawo manaja daga ƙasar waje, daga Brisbane, Mista Hollis. Ni ke koya masa aikin, amma albashina ko ƙurar nasa bai hango ba, ga shi an ba shi mota da gida a kan tudu. Na yi ta maza na tambayi shugaba ƙarin albashi, ya ce, "Boio, tsarin 'yan ƙasa daban ne." Da na dawo, Morea, wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi, ya ce, "An ƙara miki, ko an ce ki gode Allah?" Aka yi dariya, sai kuma kowa ya sunkuyar da kai.

Na gaji, Yaya.

Ƙanwarki, Boio

Alotau

Boio,

Muna lafiya. Ke dai kin cika haƙurin banza. Ajiye musu aikinsu ki taho, masaukin baƙina na neman mai kula da shi. Ba za ki yi arziki ba, amma za ki yi barci. Gaishe min da Baba.

Geua

Port Moresby

Yaya,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Har na shirya ajiye aikin. Amma kin manta gidan da muke ciki na kamfani ne, kuma su ke biyan wankin ƙodar Baba.

Jiya Hollis ya kira ni. An yi min tayin shugabancin ma'aikata, da ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Aikina na farko in sallami wasu, har da Morea. Ya ce, "Daga bakinki zai fi musu sauƙi, ke tasu ce."

Na ce zan yi tunani. Ki yi min addu'a.

Boio

Port Moresby

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga amsarki, ki yafe min, ban bi shawararki ba.

Na karɓi matsayin, yau na gaya wa Morea an sallame shi. Bai yi faɗa ba. Ya miƙe tsaye, ya ce, "To, ranki ya daɗe. In tafi yanzu, ko in ƙarasa abin da ke gabana?"

Ki nemi wata ta kula da masaukin.

Boio