Ranar da Muka Je Duba Rigunan Lefe a Guangzhou

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Hajiya Rabi.

Ki yi mini afuwa da na dame ki da doguwar takarda, alhali na san idon ba ya son karatu yanzu. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya mutanen Maraɗi? Tun da kika koma wajen ɗanki, layinmu na kasuwa ya yi shiru.

Jiya ina zaune ni kaɗai dariya ta kama ni, har na ji kunyar kaina. Zuwana Guangzhou na farko na tuna, a shekarar casa'in da takwas.

Kin san maigidana Malam bai so tafiyar ba. Kin yi ta sintiri gidanmu kafin ya yarda, kuma da sharaɗi: in ya ji wata magana a kaina, ko ƙishin-ƙishin ne, ta farkon ita ce ta ƙarshe. Kika ce amanarsa na wuyanki. Lokacin Hausawan garin ba su da yawa, kowa ya san kowa. Abin da aka yi a unguwar Xiaobei yau, gobe ana hirarsa a kasuwar Kwari ta Kano.

Rigunan barci na lefe muka je saro wajen wani mai ɗinki a Panyu, wanda muke ce wa lawban, wato maigida a bakinsu. Ke kuma ba kya sayen riga a rataye, sai kin ga yadda take zama a jikin mutum. Kika yi ta kwatanta masa da hannu. Ya yi murmushi, ya ce da yamma zai zo ya ɗauke mu. Ashe al'adarsu ce, wanda ya yi babban ciniki sai an fita da shi shaƙatawa, kuma shi bai taɓa ciniki da mata ba. Abin da ya saba yi wa maza shi ya yi mana.

Muka yi magariba, na yafa sabon mayafina, kika jefa tef ɗin awo a jaka.

Tun daga matakalar wurin da ya kai mu jikina ya ba ni. Jan fitila, hayaƙin taba, kiɗa har cikin haƙori. Don girmamawa aka zaunar da mu gaba-gaba, dab da dandamali, aka kawo mana yankakkiyar kankana.

Yarinya ta fito cikin doguwar riga mai walƙiya. Kika zungure ni, kika ce wannan za ta karɓu a Kano in an ƙara mata hannu. Ba ki rufe baki ba ta zare ta. Na ce a raina, to, ta cikin za ta nuna mana. Ta zare ta cikin ma. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai yatsun ƙafata. Na kama karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar hawa mota.

Rigar da ta wurgo a teburinmu ta faɗo. Ta gefen ido na ga kin ɗauka, kin murza, kin juya bayan ɗinkin kin ja. Kika dubi lawban kika girgiza kai. Wai lailon ne zalla, wanki ɗaya zai tashi aiki. Yaya, Allah ya yafe mana, amma na lura a lokacin wannan ya fi ɓata miki rai.

Mun miƙe za mu fita ke nan na hango hular zanna a bayan ginshiƙi. Wani Alhaji ne, ba zan kama suna ba, aminin Malam, sahunsu ɗaya a masallaci. Ya gan mu. Na ce shi ke nan, na yi sallama da fatauci.

Ni ƙofa nake nema, ke kuwa kika ja hannuna har gabansa. Kika rusuna kika gaishe shi kamar a zaurensa muke. Kika tambayi gajiya, kika tambayi iyali, yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, jikin tsohuwa, har ginin da yake yi. Yana ta amsa lafiya lau, idonsa a silin, kiɗa na tashi a bayanmu. Sannan kika ce, "Alhaji, mu yadi muka zo dubawa, bai yi ba. Ina jin kai ma shi ya kawo ka?"

Ya ce, "Shi ne, Hajiya. Bai yi ba."

Har yau ina kyautata masa zato. Wataƙila shi ma wani lawban ɗin ne ya ja shi.

A masauki na sake alwala, na yi ta istigfari, ke kina kwance kina dariya har da hawaye, wai an ɓata mana yamma, ba riga, ba tuwo. Muka jiƙa garin da kika taho da shi muka sha.

Da muka dawo Kano, Alhajin da ƙafarsa ya je ya sami Malam. Ya ce duk yawonsa bai ga mata masu kamun kai irinmu ba, a bar ni in yi ta tafiya. Malam ya shigo yana ta jin daɗi, ni na rasa inda zan sa fuskata. A kan wannan shaidar na yi shekaru ina zuwa, na aurar da 'ya'yana, na sauke farali.

Yaya, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya, ya suturta mu duniya da lahira kamar yadda ya suturta mu a ranar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malam ya tsufa, ba ya fita, ba abin da yake so yanzu kamar a ba shi dariya. Ina so in ba shi labarin, namu rabin kawai, ban da mai hula. Amma maganar ta mu biyu ce, ba zan buɗe baki ba sai kin yarda. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki,
Ma'u